KYAMARA A ƘIRJIN ƊAN SANDA: A HANNUN WA MAKUNNIN YAKE?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa masanin doka ya gabatar ga matasa a wani zaman ƙara wa juna sani, dangane da kyamarorin nan da ake maƙala wa 'yan sanda a ƙirji domin ɗaukar shaida, da kuma abin da ya kamata a sa wa ido a duk lokacin da mahukunta suka tashi sayen su. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon tsira, mai jawabin ya fara da cewa kada 'yan'uwa su ɗauka wannan magana ta injiniyoyi ce da 'yan kwangila. Ya ce ai matashi ne ake tarewa a shingen hanya, shi ake ce wa ya sauko daga babur, shi ake karɓar wa waya a bincika, shi ne kuma zai kwana a caji ofis in abu ya ɓaci. Idan aka je gaban alƙali, maganar ɗan sanda tana zuwa ne a rubuce, da hatimi, da lambar fayil, shi kuwa talaka ba shi da komai sai bakinsa da rantsuwa. To shi ya sa da aka fito da wannan na'ura mutane suka yi murna, suka ce ga shaidar da ba ta karɓar na goro, ba ta jin tsoron DPO, ba ta kuma mantuwa. Amma, in ji shi, mai shaida komai gaskiyarsa sai an kawo shi kotu sannan zai yi amfani, kuma ana iya rufe masa ido a daidai lokacin da ake bukatar ya gani.

Ya tuna wa 'yan'uwa abin da ya faru a birnin Los Angeles na Amurka ranar 3 ga Maris 1991, inda wani mutum da ke zaune a gidansa ya ɗauki bidiyon 'yan sanda suna lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King dukan kawo wuƙa da kulake. Duniya duka ta gani. Duk da haka a watan Afrilu 1992 aka sallami 'yan sandan huɗu, bayan lauyoyinsu sun riƙa tsayar da faifan gaɓa-gaɓa suna fassara kowane motsi na mutumin da ke ƙasa da cewa yunƙurin kai hari ne. Garin ya kama da wuta, sama da mutum 50 suka mutu, sai a 1993 kotun tarayya ta ɗaure biyu daga cikinsu. Ya ce tun daga wannan lokaci ya kamata a gane cewa gani ya kori ji, amma gani bai kori lauya ba.

Ita kuwa kyamarar da ɗan sanda ke ɗauke da ita a jikinsa, ya ce an fara gwada ta sosai ne a Ingila a tsakiyar shekarun 2000, musamman a garin Plymouth, inda a lokacin a kai ake ɗaura ta. Abin da ya sa ta yi suna shi ne gwajin da aka yi a wani ƙaramin gari mai suna Rialto a Kalifoniya tsakanin 2012 da 2013, tare da masu bincike na Jami'ar Kambirij. 'Yan sanda 54 ne kacal, amma sakamakon ya girgiza jama'a: ƙorafin da ake kaiwa kan 'yan sanda ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100, amfani da ƙarfi kuma ya ragu da kusan kashi 60. Ana cikin haka, a watan Agusta 2014 ɗan sanda ya harbe Michael Brown a garin Ferguson, babu hoton yadda abin ya faru, kowa da nasa labarin. A watan Disambar shekarar Shugaba Obama ya nemi a ware dala miliyan 75 domin taimaka wa rundunoni su sayi kyamara 50,000. A 2016 kuma rundunar birnin Landan ta fara raba guda 22,000 ga jami'anta. Kasuwa ta buɗe ke nan.

Sai dai, in ji mai jawabin, a 2017 aka fitar da sakamakon wani gwaji mafi girma a birnin Washinton, wanda ya haɗa 'yan sanda sama da 2,000, aka raba wa wasu kyamara aka bar wasu haka nan, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a tsakaninsu, ko a ƙorafi ko a amfani da ƙarfi. To me ya sa abu guda ya yi aiki a can bai yi a nan ba? Ya ce masana sun kawo dalilai iri-iri, amma abin da ya fi muhimmanci ga 'yan'uwa shi ne su san cewa kalmar "kyamara" ba abu guda take nufi ba. Akwai iri-iri, akwai kuma dokar da ke tafe da kowace, kuma a wajen zaɓe ne ake gama cin amanar jama'a ko a kare su, tun kafin a maƙala wa ɗan sanda na farko.

Ya ce babbar tambaya ita ce ta makunni. Yawancin waɗannan na'urori ɗan sandan ne da kansa yake latsawa su fara ɗauka, shi ne kuma yake kashewa. Wato an ba wanda ake son a sa wa ido ikon rufe idon. A watan Yuli 2017 a birnin Minneapolis wata mata 'yar asalin Ostareliya, Justine Damond, ta kira 'yan sanda saboda ta ji kamar ana cin zarafin wata a bayan gidanta. Da suka zo ta nufi motarsu, ɗaya daga cikinsu ya harbe ta har lahira. Su biyun duka suna sanye da kyamara, kuma duka biyun a kashe suke. A Ingila ma, binciken da BBC ta fitar a watan Satumba 2023 ya tono rahotanni sama da 150 na wasa da kyamarar: masu kashewa lokacin da ake amfani da ƙarfi, masu goge hoto, da masu tura hotunan mutane ga abokai ta WhatsApp.

Masu ƙera na'urar sun san da wannan, shi ya sa suka yi wasu dabaru. Akwai wadda take kunna kanta da zarar an zaro bindiga daga kube, ko an kunna jiniyar mota, ko kuma wata kyamarar da ke kusa ta fara ɗauka. Akwai kuma wata dabara da ya ce yana son 'yan'uwa su fahimce ta da kyau. Kyamarar, ko ba a latsa ta ba, a kullum tana ɗaukar hoto a ɓoye tana gogewa, tana riƙe da sakan 30 na ƙarshe, galibi ba tare da sauti ba. Da zarar an latsa, sai ta haɗa da wannan sakan 30 na baya ta adana. A birnin Baltimore, a 2017, wani ɗan sanda mai suna Richard Pinheiro ya cusa ƙullin ƙwaya cikin wani gwangwani a wani kango, ya fita bakin titi, ya kunna kyamararsa, sannan ya dawo yana lalube har ya "gano" ƙwayar. Bai yi lissafin sakan 30 ɗin nan ba. Lauyoyin da ke kare marasa galihu suka fito da faifan, aka saki mutumin da ya shafe watanni a tsare, aka janye wasu ƙararraki da dama da jami'an suke shaida a kansu, shi kuma aka same shi da laifin ƙirƙirar shaida a 2018. Mai jawabin ya ce wasu na'urorin ana iya saita wannan ajiya ta kai minti 2, ana iya sa ta da sauti, ana kuma iya kashe ta baki ɗaya, kuma mai sayen ne yake zaɓa. Don haka duk wanda ya ji an ce an sayo kyamara, ya tambaya sakan nawa aka saita.

Daga nan ya daɗe a kan labarin jihar Sao Paulo ta ƙasar Barazil, domin a cewarsa babu inda aka yi wannan jayayya a fili kamar can, kuma 'yan sandansu sun yi ƙaurin suna wajen kashe matasan unguwannin talakawa. An fara shirin a 2020, aka faɗaɗa shi a 2021 da kyamarorin kamfanin Axon waɗanda ke ɗauka ba tsayawa tun daga hawa aiki har zuwa tashi. Idan ba abin da ke faruwa tana ɗaukar hoto mara tsabta sosai kuma ba sauti, idan aka latsa sai ta koma mai tsabta da sauti, amma dai ba ta taɓa makancewa. Binciken da cibiyar Getulio Vargas ta fitar a ƙarshen 2022 ya nuna kashe-kashen da 'yan sanda ke yi sun ragu da kashi 57 cikin 100 a bataliyoyin da aka ba kyamarar. Sai aka yi sabon gwamna, Tarcisio de Freitas, wanda tun yana yaƙin neman zaɓe yake sukar shirin. A 2024 gwamnatinsa ta ba kamfanin Motorola kwangilar sababbi guda 12,000, sun fi na da yawa, sun kuma fi araha, amma fa ba sa ɗauka ba tsayawa: sai jami'in ya kunna, ko a kunna masa daga hedikwata. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin ajiya, da ƙarewar batir, da sirrin ɗan sanda idan ya shiga bayi. Mai jawabin ya ce hujjojin ba ƙarya ba ne, amma 'yan'uwa su duba yadda aka ƙara yawan na'ura a takarda alhali an zare mata haƙori. A watan Disamba 2024 wani bidiyo ya fito na ɗan sanda yana jefa wani mutum daga kan gada, gwamnan ya fito ya ce ya yi kuskure a matsayinsa na baya, shugaban Kotun Ƙolin ƙasar Luis Roberto Barroso kuma ya ba da umarnin a ci gaba da ɗauka ba yankewa. A watan Mayu 2025 aka yi sulhu a gaban kotun: a kai yawan kyamarorin 15,000, hedikwata ta riƙa kunna su da kanta idan ta tura jami'ai aiki, na kusa su riƙa kunna juna, kuma idan jami'i ya kashe tasa ana tsakar aiki ta sake kunna kanta. Duk wannan doguwar shari'a, in ji shi, a kan maɓalli guda aka yi ta.

Game da abin da kyamarar ke gani, ya ce a nan ma akwai abin lura. Tana ƙirjin ɗan sanda ne, saboda haka kowa tana nuna shi ban da mai ita. Idan ya ɗaga hannu biyu ya saita bindiga, hannuwansa sun rufe ta. Idan aka kama kokawa, ba a ganin komai sai riga da ƙasa da sama, sai kuma muryar jami'i yana ihu cewa a daina gardama, ko da kuwa wanda ke ƙasa ba ya ko motsi. Lokacin da 'yan sandan Memphis suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa a watan Janairu 2023, akwai kyamarori a jikinsu, amma wadda ta nuna dukan ƙarara ita ce wata da ke kafe a kan turken titi. Wani bincike na 2019 a Amurka ma ya nuna cewa masu kallo sun fi sassauta wa ɗan sanda idan ta kyamarar jikinsa suka ga abin, a kan idan ta kyamarar mota suka gani, saboda wanda ba a ganin jikinsa ba a cika ɗora masa niyya ba. Ya ƙara da cewa wasu rundunonin da gangan suke ƙin sayen mai gani cikin duhu, suna cewa kada kotu ta ga abin da idon jami'in bai gani ba. Sauran abubuwan, ya ce, sanannu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe waya: batir ya kai awa 12 na aiki, ta jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ruwan damina, kuma kada ta zama mai katin ajiya da ake zarewa a sa a aljihu.

Sai maganar kuɗi, wadda ya ce a nan ne gizo ke saƙar. Ita na'urar kanta ba ita ce mai tsada ba. A watan Afrilu 2017 kamfanin da a da ake kira Taser, mai ƙera bindigar lantarki, ya sauya suna zuwa Axon, ya kuma yi tayin bai wa kowace rundunar 'yan sanda a Amurka kyamara kyauta har shekara guda. Mai jawabin ya ce wannan kamar a ba mutum doki ne kyauta da sharaɗin a wurin mai kyautar kaɗai zai riƙa sayen harawa. Harawar ita ce ajiya. Awa guda ta bidiyo tana cin gigabait 1 zuwa 2 ko fiye, gwargwadon tsabtar hoton. Ya ce 'yan'uwa su yi lissafi da kansu: a ce jami'ai 1,000 ne, kowa ya ɗauki awa 3 a rana, a gigabait ɗaya da rabi, an sami gigabait 4,500 ke nan kowace rana, sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma shari'ar kisa takan shekara goma ba a gama ba. Duk wannan yana zaune ne a rumbun kamfani ta intanet, ana biyan haya duk shekara, kuma ranar da aka so sauya kamfani sai an yi da gaske kafin a kwaso shaidar shekaru. A Amurkan kanta akwai ƙananan garuruwa da suka tattara kyamarorinsu suka ajiye saboda kuɗin ajiya ya fi ƙarfinsu. To ina ga caji ofis na ƙauye, wanda ba wuta, ba man janareta, ba intanet? Kyamarar da ba a yi mata caji ba, ko wadda hotonta ya kwana uku a hannun jami'in bai shiga rumbu ba, ado ce kawai. Ya ce akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: a wace ƙasa rumbun yake, kuma dokar wa yake bi?

Abu mafi nauyi a wurinsa shi ne wa ke riƙe da faifan bayan an ɗauka. A watan Oktoba 2014 wani ɗan sandan Shikago, Jason Van Dyke, ya ɗirka wa wani yaro ɗan shekara 17, Laquan McDonald, harsashi 16. Kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka. Rahotannin jami'an da ke wurin suka ce yaron ne ya yo kansu da wuƙa. Hukumomin birnin suka zauna a kan faifan wata 13, har sai da alƙali ya tilasta musu a watan Nuwamba 2015, sai ga shi yaron ma kauce musu yake yi. A 2018 aka samu ɗan sandan da laifin kisa. Haka nan ranar 25 ga Mayu 2020 da aka kashe George Floyd, sanarwar farko ta 'yan sandan Minneapolis cewa ta yi mutumin ya gamu da matsalar rashin lafiya ne, alhali jami'an suna sanye da kyamarori. Wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, da wayarta ta hannu, ita ce ta nuna wa duniya gwiwar Derek Chauvin a wuyansa sama da minti 9. Ya ce bambancin wayarta da kyamararsu guda ne: tata ba ta jira izinin kowa ba.

Saboda haka tsarin kirki, in ji shi, shi ne wanda da zarar an jona kyamara a gurbin caji hoton zai wuce rumbu da kansa, kwamfuta ta buga masa wani hatimi na lissafi wanda ko sakan guda aka yanke zai sauya, sannan a sami rajista da ke rubuta sunan duk wanda ya buɗe faifan da lokacin da ya buɗe. Wannan yana da amfani a kotunan Nijeriya musamman, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana bukatar a tabbatar wa kotu cewa na'urar da ta samar da shaidar tana aiki daidai. Amma na'ura ba za ta iya ba da amsar cewa cikin kwana nawa za a nuna wa iyalan mamaci ba, ko lauyan wanda ake tuhuma yana da haƙƙin kwafi, ko kuma a bar jami'i ya kalli faifan kafin ya rubuta rahotonsa, ya daidaita labarinsa da abin da hoton bai nuna ba. Doka ce za ta faɗi wannan, kuma idan ba a rubuta ta kafin sayayya ba, an bai wa kura ajiyar nama.

Ya gargaɗi 'yan'uwa kada su manta cewa bakin kyamarar su yake kallo. Wani bincike da Jami'ar George Mason ta yi a 2016 a ofisoshin masu gabatar da ƙara na Amurka, a wuraren da ake da kyamarar, ya nuna kusan kashi 93 cikin 100 sun yi amfani da faifan wajen gurfanar da farar hula, kashi 8 kacal ne suka yi amfani da shi a kan ɗan sanda. Idan kuma aka haɗa ta da manhajar gane fuska, kowane jami'i da ke tsaye a bakin kasuwa ko wajen taro ya zama mai rajistar duk wanda ya wuce. A 2019 kamfanin Axon ya ce ba zai sa wannan manhaja a kyamarorinsa ba a lokacin, jihar Kalifoniya kuma ta haramta ta na shekara uku daga 2020, wa'adin da ya ƙare a farkon 2023. Alkawarin kamfani da dokar wucin gadi, in ji shi, ba abin da mutum zai jingina da su ba ne. A 2024 ma kamfanin ya fito da wata manhaja mai saurarar sautin kyamarar ta rubuta wa ɗan sanda daftarin rahotonsa.

Da ya juyo gida, ya ce zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 ita ma bidiyon waya ne ya kunna ta, daga Ughelli a jihar Delta. Bayan harbin da aka yi a Lekki ranar 20 ga Oktoba, kamfanin da ke kula da wurin ya shaida wa kwamitin bincike na jihar Legas cewa kyamararsa ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare. A watan Maris 2021 gwamnatin Legas ta sanar da shirin sanya wa jami'anta na jiha kyamara, irin su masu kula da zirga-zirga na LASTMA. A ra'ayinsa, kafin a kai ga ƙirjin kowane kurtu, akwai wuri guda da ya fi gaggawa kuma ya fi araha, wato ɗakin da ake ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma. Nan ne ake rataye mutum har ya amsa laifin da bai san shi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 15(4), ta riga ta yi maganar ɗaukar ikirarin wanda ake tuhuma a bidiyo, an kuma yi dokar hana azabtarwa a 2017. Kyamara guda a bango, wadda ke ganin mai tambaya da wanda ake tambaya a tare tun daga shigowa har fita, ba ta bukatar batirin awa 12, kuma babu mai cewa ta faɗi wajen kokawa.

A lokacin tambayoyi wani ɗan'uwa ya tambaya abin da mutum zai yi idan jami'i mai kyamara ya ci zarafinsa. Mai jawabin ya ce kada ya yi gardama a wurin, kada kuma ya kai hannu ga na'urar. Ya riƙe lokaci, da wuri, da suna ko lambar da ke jikin rigar jami'in, da lambar mota, ya faɗi abin da ake yi masa da murya a sarari domin sauti ya ɗauka ko da hoto bai nuna ba. Sannan ya sa lauya ya rubuta takardar neman a adana faifan ba tare da ɓata lokaci ba, domin waɗannan rumbuna suna goge abin da ba a yi wa alamar shaida ba da kansu. A Landan kwana 31 ne kawai ake ba shi.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a.